Faifan garmaho na kiɗan alternative rock: tarawa da tantance sautinsa

Tara faifan garmaho na kiɗan alternative rock sha'awa ce, ga wasu ma sana'a ce, ta neman bugu daban-daban na albam guda, a saurare su ɗaya bayan ɗaya, a gano wanda ya fi kusa da abin da makaɗan suka ɗauka a situdiyo. Faifan da ake nufi shi ne baƙin faifan roba mai faɗin inci 12, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. Alternative rock kuwa suna ne da aka laƙaba wa kiɗan rok da ya tsiro a bayan fage cikin shekarun 1980, a gidajen rediyon jami'o'in Amurka da ƙananan kamfanonin faifai na Ingila, a hannun ƙungiyoyi irin su R.E.M. da Pixies da Sonic Youth da The Smiths, kafin albam ɗin Nevermind na Nirvana ya fito da shi tsakiyar kasuwa a Satumban 1991.

Abin da ya sa bugun farko ke wuya

Wannan kiɗa ya bunƙasa ne daidai lokacin da faifan garmaho ke neman shiga tarihi. Sony da Philips sun kawo faifan CD a 1982, kuma kafin 1988 ta ƙare cinikinsa ya wuce na babban faifan garmaho a Amurka. Saboda haka albam ɗin da aka sayar da miliyoyinsa a CD da kaset cikin shekarun 1990, sau da yawa 'yan dubbai kawai aka buga masa a faifai, wasu ma a Turai kaɗai. Wannan ƙarancin ne tushen tsadar bugun farko a yau. Akwai waɗanda suka ƙi sakin faifan: Pearl Jam sun fitar da Vitalogy a faifai a Nuwamban 1994, mako biyu kafin CD, aka sayar da kimanin 34,000 a makon farko, adadin da ba a doke ba sai a 2014 da Lazaretto na Jack White. Bleach na Nirvana kuwa, wanda kamfanin Sub Pop na Seattle ya fitar a 1989, kwafi 1,000 na farko farar roba ce, kuma su ne masu tarawa ke rububi.

Matsala ta biyu tsawo ce. CD na ɗaukar minti 74, makaɗan zamanin kuwa suka saki jiki suna cika shi, alhali fuska ɗaya ta faifai da ƙyar take wuce minti 20 zuwa 22 ba tare da sauti ya raunana ba. OK Computer na Radiohead, na 1997, sai da aka raba shi faifai biyu. Mellon Collie and the Infinite Sadness na Smashing Pumpkins, mai tsawon awa biyu, ya fito a faifai uku a 1996, har da sauya jerin waƙoƙin. Inda aka yi ƙoron kuɗi aka cusa doguwar albam a faifai ɗaya, dole injiniya ya rage ƙara ya kuma rage kaurin amon ƙasa, sai ganga ta fito kamar ana buga kwali.

Inda ake samun sautin, inda ake rasa shi

Komai na farawa ne daga tushe: tef na asali da aka haɗa kiɗan a kansa, ko kwafinsa, ko fayil na dijital. Injiniya zai kunna tushen, na'urar yanka (mafi shahara su ne na kamfanin Neumann na Jamus) ta riƙa tsaga siririyar hanya mai zagaye a kan farantin alminiyom mai rufi mai laushi. Daga farantin ake ɗaukar siffa da ƙarfen nikel har a samu hatimi, hatimin ya danne narkakkiyar roba ta zama faifai. Akwai kuma hanyar DMM ta farkon shekarun 1980, wadda ake yanka kai tsaye a kan tagulla.

Mai yankan nan shi ne uban tafiya. Shi ke yanke hukuncin yawan ƙara, da yadda za a tara amon ƙasa a tsakiya don kada allura ta yi tsalle, da yadda za a lallashi harafin "s" na mawaƙi kada ya koma tsaki. Ga kuma lissafin da ba ya canzawa: a bakin faifai hanyar na wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 50 a daƙiƙa, a can ciki kusa da takardar tsakiya kuwa saurin ya faɗi zuwa wajen 20. Shi ya sa waƙar ƙarshe a kowace fuska ta fi saurin dushewa, kuma kiɗan da ke cike da gurnanin gita, kamar na Sonic Youth, nan yake shan wahala. Wasu sababbin bugu na juyawa sau 45 a minti don sauƙaƙa wannan, sai dai mai sauraro ya riƙa tashi yana juya faifai bayan waƙa uku.

Nauyin gram 180 da ake liƙa tambarinsa a bango ba ya ƙara wa hanyar zurfi, domin tun a wurin yanka aka gama wannan magana. Yana dai sa faifai ya zauna daram. Launi ma ado ne. Wanda aka tabbatar yana da hayaniya shi ne faifai mai hoto a jikinsa.

Karanta bakin takarda

Gwani ba ya fara duba bango. Zai zaro faifan, ya riƙe shi da tafin hannu ta gefe, ya karkata shi ƙarƙashin fitila, ya duba santsin filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. A nan ake samun lambobin hatimi da haruffan da mai yanka ya karce da hannunsa: BG na Bernie Grundman, CB na Chris Bellman, KG na Kevin Gray, RL na Bob Ludwig. Sau da yawa alamar masana'anta ma na nan, ko Pallas da Optimal na Jamus, ko RTI ta Kalifoniya, ko GZ Media ta ƙasar Cek. Da waɗannan ake zuwa Discogs, rumbun bayanan faifai na intanet wanda aka kafa a 2000, a tabbatar wane bugu ne a hannu, ko ma na jabu ne.

In Utero na Nirvana, na 1993, ya nuna amfanin wannan karatu. Steve Albini ne ya ɗauki albam ɗin, amma kafin ya fita aka ba Scott Litt waƙoƙi biyu ya sake haɗa su. A 2003 wani bugu na kamfanin Universal ya bayyana a Turai ɗauke da abin da ake ganin haɗin Albini ne na asali, kuma da lambar 320 da ke bakin takarda masu tarawa ke gane shi. Bango ɗaya, waƙoƙi ɗaya, amma muryar mawaƙin ƙungiyar, Kurt Cobain, ba wuri ɗaya take zaune cikin kiɗan ba.

Gasar ƙara da rikicin dijital

Babban dalilin da ya mayar da masu son wannan kiɗa ga faifai shi ne gasar ƙara ta zamanin CD, inda aka riƙa matse sauti don kowace waƙa ta fi ta maƙwabta amo, har bambancin da ke tsakanin raɗa da ihu ya ɓace. A salon da ginshiƙinsa shi ne a yi sanyi-sanyi sannan a fashe, wannan ɓarna ce babba. Californication na Red Hot Chili Peppers, na 1999, ya zama abin misali wajen wannan matsi. Da ƙungiyar ta fitar da Stadium Arcadium a 2006, injiniyoyin sauti Steve Hoffman da Kevin Gray suka yi wa faifan gyara na daban, kuma masu sauraro da dama suka shaida ya fi CD ɗin sakewa. Gyaran ne ya jawo haka, domin faifan da aka yanka daga matsattsen fayil na CD da matsinsa yake fitowa.

A Yulin 2022 kamfanin Mobile Fidelity, wanda ya yi suna da bugu masu tsada, ya amsa cewa tun 2011 yake bi ta kwafin dijital na DSD kafin yanka faifai da yawa da masu saye suka ɗauka daga tef aka yanko su kai tsaye. An kai ƙara, kamfanin ya amince da biyan diyya. Abin da ya fi girgiza masu tarawa shi ne an shafe shekaru ana yabon waɗannan faifai ba wanda kunnensa ya kama. Ban da haka, wasu albam na ƙarshen shekarun 1990 da na'urar dijital aka ɗauke su tun asali, wasu tef ɗin kuma sun salwanta a gobarar rumbun Universal ta 2008.

Yadda ake kwatantawa

Ana wanke faifan biyu, a ɗora su a garmaho ɗaya da allura ɗaya, a daidaita ƙararsu, domin kunne na saurin fifita wanda ya fi amo ko da bai fi kyau ba. Mafi adalci shi ne wani ya ɗora faifan, mai sauraro bai san wanne ke juyawa ba. Ana kasa kunne ga shirun da ke tsakanin waƙoƙi, da ƙarar faifayen tagulla na mai ganga, da tsayuwar murya a tsakiya. Idan dogon sauti na rawa sama da ƙasa, ramin tsakiya ne ya kauce. Idan aka ji kamar ana yage ƙyalle a wuri guda, roba ce ba ta cika hatimi ba.

Lafiyar faifai kuwa da ma'aunin mujallar Goldmine ake faɗinta, daga M na wanda ba a taɓa ba, zuwa NM na wanda ya kusa sabo, sai VG+ da VG na waɗanda suka fara nuna alamun amfani. Da ido yawancin dillalai ke auna wannan, alhali faifan da tsohuwar allura ta cinye yana iya sheƙi kamar sabo. Shi ya sa masu saye da suka san kan abin ke neman a kunna musu waƙar ƙarshe ta kowace fuska kafin su biya, musamman yanzu da kasuwar ta farfaɗo: a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce gaba tun 1987.