Kutsen haske a hoton waya

Kutsen haske shi ne hasken da ke shiga kyamarar waya ya kauce wa hanyar da aka tsara masa, ya yi ta karo da gilasan ciki, sannan ya sauka inda ba a bukatarsa a cikin hoto. Yakan fito a matsayin ɗigo kore ko shuɗi, ko zobe, ko dogon zane mai ratsa fitila, ko kuma wani fari-fari da ke lulluɓe hoton gaba ɗaya. Yana faruwa ne idan akwai haske mai ƙarfi a gaban kyamara ko a gefenta: rana, fitilar titi, fitilun mota, ko manyan fitilun zauren biki. Galibi ba alamar lalacewar waya ba ne, kuma babu kyamarar da ta tsira daga gare shi, komai tsadarta.

Yadda yake aukuwa

Idon kyamarar waya ba gilashi ɗaya ba ne. A wayoyin zamani ana jera ƙananan tabarau 5 zuwa 8, yawancinsu na roba, a bayan wani shimfiɗaɗɗen gilashi mai kare su daga ƙarzuwa. A can ƙarshe kuma akwai sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Duk fuskar gilashin da haske ya taɓa, wani kaso nasa yakan dawo baya, kamar yadda mutum ke ganin kansa a gilashin taga da dare. A gilashin da ba a yi wa shafen rage ƙyalli ba, abin da ke dawowa ya kai kashi 4 cikin 100 a kowace fuska. Tabarau 7 na da fuskoki 14, don haka da a tsirara suke, fiye da kashi 40 na hasken ba zai isa sensa kai tsaye ba. Wanda ya dawo ɗin kuma ba ɓacewa yake yi ba. Yakan sake karo da wata fuska ya juyo ciki, kuma tsakanin fuskoki 14 akwai hanyoyi 91 da zai iya yin wannan kai-komo. Ita kanta sensa tana da sheƙi, tana mayar da haske.

Maganin da aka samo shi ne shafe mai matuƙar siranta a kan gilashi. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya yi rajistar wannan fasaha a 1935, Katharine Blodgett ta kamfanin General Electric a Amurka ita ma ta fito da nata gilashin marar ƙyalli a 1938. Shafe mai hawa-hawa na yau yana rage abin da ke dawowa zuwa ƙasa da kashi 1. Sai dai rana ta fi inuwar da ke cikin hoto haske nesa ba kusa ba, shi ya sa ɗan abin da ya rage ma yakan isa ya bar tabo. Launin kore ko shunayya da ake gani a ɗigon daga wannan shafen yake, domin ba ya danne dukkan launuka daidai wa daida.

Ɗigon da ke bin fitila

Wannan shi ne nau'in da ya fi ruɗa mutane. Wanda ya tsaya a bakin tafkin Jabi da ke Abuja da la'asar sakaliya ya ɗauki rana tana gangarawa, sau da yawa zai ga ɗan ƙwallo kore a ƙasan hoton, a kan ruwa ko a jikin rigar wanda ya ɗauka. Da dare kuma, jerin fitilun titi a hanyar filin jirgin sama yakan haifar da wani jerin na biyu, ƙanana, a kife, suna shawagi a sararin sama. Tsarin ɗaukar hoton dare yana ƙara fito da su, saboda yana tsawaita lokacin ɗauka yana kuma haskaka wuraren duhu.

Gane shi ba wuya. Ɗigon yakan zauna daura da fitilar da ta haife shi, tsakiyar hoto na tsakaninsu: idan rana na sama ta dama, shi yana ƙasa ta hagu, kuma nisansu daga tsakiya kusan ɗaya. A motsa waya, sai ya motsa, alhali bishiya da gini suna inda suke. Wannan gwajin kaɗai ya isa ya warware yawancin hotunan da ake yaɗawa a WhatsApp da sunan rana biyu ta fito, ko an ga baƙon abu a sama. Abin sha'awa, ɗigon yana ɗaukar siffar abin da ya haife shi, kuma da yake ya fi shi dushewa sosai, wani lokaci ya fi nuna gaskiya. Lokacin husufin rana na wani ɓangare, irin wanda aka gani a Nijeriya ranar 3 ga Nuwamba, 2013, ita ranar takan fito fari fat a hoto, amma ɗigon sai ya nuna ta a gutsure kamar jinjirin wata.

Kamfanoni sun sha ƙorafi a kan wannan. Da iPhone 5 ta fito a 2012, masu saye sun koka da wani hazo mai launin shunayya a gefen hotuna, Apple ya ce a ɗan karkata wayar ko a kare idon da hannu. Wayar Pixel ta farko ta Google ta zo da nata zoben hasken a 2016. Sony da Vivo suna tallata shafen Zeiss a wasu wayoyinsu.

Maiƙo, ƙura da raɓa

Dogayen zanen da ke ratsa fitilu da dare, mafi yawansu ba daga masana'anta suke ba, daga yatsa suke. Da hunturu, lokacin da kowa ke shafa basilin, ko bayan an taɓa kilishin unguwar Area 1 ta Abuja, ɗan maiƙon da ya hau gilashi yakan zama siraran layuka idan aka goge shi da gefen riga. Haske sai ya miƙe ya gicciye waɗannan layukan. A goge ta wata fuskar, zanen ma sai ya juya. Kyalle mai laushi irin na tabarau ne ke cire shi, ba shadda mai sitati ba.

Ƙurar hunturu tana da nata aikin. Filashar waya tana dab da idon kyamara, don haka ƙwayar ƙurar da ke yawo kusa takan sha haske ta fito a matsayin farin ƙwallo mai dishi-dishi. Waɗannan ba sa bin ƙa'idar daura da fitila, kuma hoto biyu a jere ba sa nuna su a wuri ɗaya. Wasu kan danganta su da aljanu. A kashe filasha, sai su ɓace. Da damina kuwa, wayar da aka fito da ita daga mota mai sanyin na'ura zuwa iska mai laima takan yi raɓa, fitilu su yi kumburi na 'yan mintoci.

Akwai kuma ɗan gilashin kariya da ake manna wa idon kyamara, wanda ake samu a kasuwannin waya irin na Wuse a Abuja. Yana ƙara fuskoki biyu a gaban ido, sau da yawa marasa shafe, ƙura kuma na taruwa a ƙarƙashinsa. Mai ɗaukar hoton dare da yawa gara ya haƙura da shi, ya nemi gidan waya mai ɗan tudu a kewayen kyamara.

Rage shi

Tafin hannu ko hula a saman waya, daga ɓangaren da hasken ke zuwa, yana maganin fari-farin da ke kashe launi, muddin fitilar ba ta cikin hoton. Idan tana ciki, sai a matsa har ɗigon ya hau kan ita fitilar ya ɓuya, ko ya faɗa inda za a iya yanke shi. Ɓoye rana a bayan hasumiya ko reshe shi ma yana aiki. Manhajojin goge abu a hoto suna cire ɗigo cikin sauƙi a kan sarari, amma sukan ɓata fuska ko zanen atamfa. Masu ɗaukar hoton biki da 'yan fim kuwa wani lokaci da gangan suke barinsa, don ya ba hoton ɗumin yamma.

Tabon da ya zauna wuri ɗaya a kowane hoto, da rana ko da dare, wani abu ne daban. Ko dai ƙura ta shiga ciki, ko gilashin ya tsage, ko sensa ta ƙone. Hasken leza da ake wasa da shi a zaurukan biki yana iya ƙona sensa nan take ya bar ɗigo ko layin da ba ya gogewa, kuma gyaransa sai an canza kyamarar ɗungurungum.