Shaƙewar injin tsohuwar mota idan aka ba ta wuta

Shaƙewar inji ita ce noƙewar da mota ke yi na daƙiƙa ɗaya ko biyu idan direba ya taka totur, kafin ta karɓi wuta. Wani lokaci ta yi tari ta karburato, wato na'urar da ke gauraya mai da iska, wani lokaci ta riƙa fizga, ko ta mutu a tsakiyar titi. Da Faransanci ana ce mata trou à l'accélération, wato rami a wurin ba da wuta. Ta fi yawa a motocin esansi masu karburato da har yanzu ke aiki a Yamai da Tawa, irin su Peugeot 504 da 505 da tsofaffin Toyota Starlet da Corolla na taksi.

Injin esansi yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Idan aka buɗe totur farat ɗaya, iska na shiga nan take, mai kuwa ya fi ta nauyi, sai ya makara. A wannan ɗan tsakanin mai ya yi kaɗan, kuma matsi a cikin silinda ya ƙaru, buji, wanda a Najeriya ake ce wa fulogi, na neman wuta mai ƙarfi fiye da ta lokacin da mota ke tsaye. Shi ya sa injin da ke juyi lafiya lau a garaji yake tona asirinsa da zarar an hau titi.

Lokacin da take shaƙewa

Kafin a ɗauki sufana, a tambayi direba yaushe abin ke faruwa, domin amsarsa ce ke nuna inda laifin yake. Shaƙewar da ke zuwa daidai lokacin taka totur sannan ta wuce, galibi ta famfon karburato ce, wato ɗan famfon da ke fesa ƙarin mai idan an taka totur. Wadda ke zuwa bayan an jima ana gudu, ko a hawan tudu da kaya, ƙarancin mai ne. Fizga a babbar giya da ƙaramin gudu ta fi kama da matsalar wutar buji. Idan kuwa sai da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, a yi zargin mai na tafasa a cikin tiyo ko bobin, mai ƙara wa wutar buji ƙarfi, ya yi zafi. In ƙarar inji ta tashi amma mota ba ta ƙara gudu ba, wannan ambireyaj ne, wato kuloci, ke sulɓewa, ba ruwan inji.

Wuta

A nan ake farawa, ko da yake da yawa hannunsu kan tafi kai tsaye ga sukurorin karburato, su ɓata saitin da ba shi da laifi. A kwance buji, a dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙin toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. Tazarar baki a yawancin tsofaffin injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, ta filatin da ke yanke wuta a cikin delko, wato na'urar da ke raba wa buji wuta, kuma kusan 0.4. A duba murfin delko ko ya tsage. A murɗa roto, wato abin da ke juyi a ƙarƙashin murfin, da hannu, ya kamata ya ɗan juya ya komo da kansa. In ya ƙage, ƙarafan da ke gaggauta wuta sun cije da tsatsa da ƙura. Ƙaramin tiyon da ya taso daga karburato zuwa delko a tsotse shi da baki, in iska na wucewa ba tsayawa, fatar ciki ta huje. Wayoyin buji kuwa da dare ake kama su: a tada inji cikin duhu, za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga wayar da ta lalace.

Famfon karburato

An yi shi ne don cike wancan ramin. Faransawa na ce masa pompe de reprise. Gwajinsa ba ya cin ko dala. A kashe inji, a cire gidan filtar iska, a leƙa maƙogwaron karburato, a ja totur da hannu. Ya kamata a ga siririn mai ya feso da ƙarfi tun daga farkon ja. In ɗiga yake yi, ko sai an kai rabi yake fitowa, to fatarsa ta bushe ko ƙofar fesawa ta toshe. Ana busa ƙofar da iskar kwamfuresa. Masu zura allura suna faɗaɗa ramin ne, mota ta koma shan mai. Kada a leƙa idan inji na aiki, harshen wuta kan fito ta nan.

Mai da iska

Ƙurar hunturu na cika filtar iska cikin ƴan makonni, musamman ga motar da ke bin hanyoyin ƙauyukan Adar, kuma cire ta gaba ɗaya da wasu ke yi yana cinye zoben fistan. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko yashi. A tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye minti biyar, ruwa zai kwanta a ƙasa a ga iyakarsa ƙarara. Famfon mai na injin karburato yana ba da kusan bar 0.2 zuwa 0.3. In an buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska da ƙarfi, ƙofar numfashinsa ta toshe. Tiyon roba da zafi ya tsattsaga yana shigar da iskar sata, ana jin shi yana huci.

Motoci masu injekta

Waɗannan ba su da famfon karburato, kwamfutar mota ce ke ƙara mai bisa abin da na'urar auna buɗewar totur ta gaya mata. Da mita ana ganin kusan bolt 0.5 a rufe, ya hau a hankali zuwa kusan 4.5 a buɗe. In ya yanke a tsakiya, ta cinye a wurin. Matsin mai a nan bar 2.5 zuwa 3 ne. Na'urar auna iska ana wanke ta da feshin da aka yi dominta, ba a taɓa zarenta da hannu. A tsofaffin Toyota ana haɗa ramukan TE1 da E1 na mahaɗar bincike da guntun waya a ƙirga ƙyaftawar fitilar inji, wadda ke nuna lambar matsalar. Motocin Amurka daga 1996 da na esansi na Turai daga 2001 suna da mahaɗar da ake sa na'urar bincike.

In duk wannan bai nuna komai ba, sai a auna matsin kowane silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu galibi yana nufin bawul ko zobe, aikin da sai an buɗe inji.