Waiwaye kan "fusis": kalmar Girkawa da kowane ɓangare ya so ta ba shi gaskiya

A dukkan waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, waɗanda aka fi kyautata zaton sun kammalu a wajejen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, sau ɗaya tak kalmar fusis ta fito, kuma ba a kan sama ko ƙasa ko teku ta fito ba, a kan wani ɗan tsiro ne. A kashi na 10 na waƙar Odisi, Odisiyas yana kan hanyarsa ta zuwa gidan matsafiya Kirki, wadda ta mayar da abokan tafiyarsa aladu, sai Harmis, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, ya tare shi, ya tumɓuke wani tsiro daga ƙasa, ya nuna masa fusis ɗinsa: saiwarsa baƙa ce, furensa kuwa fari kamar madara, kuma shi ne makarin tsafin matar. Abin da aka nuna masa shi ne yadda tsiron yake, da ƙarfin da ke tattare da shi wanda mai kallo daga nesa ba zai gane ba. Kalmar ta samo asali ne daga aikatau fuo, wanda ke nufin tsirowa ko fitar da tsiro, saboda haka tun farkonta tana ɗauke da abu biyu a haɗe, wato girman abu da kansa, da kuma kamannin da yake kaiwa gare su idan ya gama girma.

Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin abin da mutanen yau suke nufi idan sun ambaci dazuzzuka da duwatsu da namun daji a matsayin wani fage da ke gefe guda da ɗan Adam, ba shi ne ma'anar kalmar ta farko ba. Fusis ɗin wani abu ake faɗa, na tsiro ko na mutum ko na cuta, kuma an ɗauki lokaci kafin a fara maganar fusis na dukkan abubuwa a dunƙule.

Wannan faɗaɗawa ta fara ne a garuruwan Girkawa da ke gaɓar yammacin ƙasar Turkiyya ta yanzu, a ƙarni na 6 kafin Miladiyya. A birnin Militus, Talis ya ce ruwa ne tushen komai, Anaksimanda ya ce wani abu ne marar iyaka wanda ba ruwa ba ne ba wuta ba ne, Anaksiminis kuma ya ce iska ce, wadda idan ta yi kauri take zama gajimare da ruwa da ƙasa. Abin da ya rage daga maganganunsu kaɗan ne ƙwarai, kuma na baya ne suka laƙaba wa rubuce-rubucen irin waɗannan mutane suna guda, wato "A kan Fusis", kamar yadda Aristotil ne ya kira su fusikoi, masu binciken fusis. Hiraklitus na birnin Afisa, wanda ya rayu a wajejen shekara ta 500 kafin Miladiyya, shi ne ya bar gajeriyar maganar nan da ake ta maimaitawa, cewa fusis tana son ɓuya, ma'ana haƙiƙanin abu ba ya kwance a fili, sai an tono shi. Amfidoklis na tsibirin Sisili kuwa ya yi amfani da kalmar a ma'anar haihuwa, har ya ce babu wani abu mai mutuwa da yake da fusis, abin da ake gani gaurayuwa ce kawai da rabuwa ta wuta da iska da ruwa da ƙasa, mutane ne suka sa wa wannan suna haihuwa. A zamani guda ke nan kalmar tana nufin asali, tana nufin haƙiƙa, tana nufin haihuwa, kuma babu wanda ya ga buƙatar tantancewa.

Likitoci su ne suka fara mayar da ita kayan aiki. A cikin littattafan da ake jingina wa Hifokratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, akwai wani ƙarami kan farfaɗiya, cutar da Girkawa suke kira cuta mai tsarki saboda sun ɗauka alloli ne ke aiko ta. Marubucin ya ce ba ta fi sauran cututtuka tsarki ba, tana da fusis ɗinta da sanadinta kamar kowace, kuma bokaye da masu wankan tsarki ne suka fake da sunan alloli don su rufe jahilcinsu, ta yadda idan majiyyaci ya warke a yaba musu, idan ya mutu a ce alloli ne. Hujjarsa ta ido ce: a tsaga kan akuyar da ke fama da irin wannan ciwo, za a tarar da ƙwaƙwalwarta jiƙe da ruwa tana wari, wanda ke nuna cewa cuta ce ke lalata jiki. Bayanin da ya bayar na cewa majina ce ke toshe jijiyoyi ba daidai ba ne, amma hanyar da ya bi ita ce ta rayu. Wani littafin na wannan tari, mai suna "A kan Fusis na Ɗan Adam", shi ya tsara ruwayen jiki huɗu, jini da majina da ɗaci mai ruwan ɗorawa da baƙin ɗaci, tsarin da Jalinus, babban likitan Girkawa na zamanin Rumawa, ya ɗauka daga baya, ya kuma mamaye likitanci a ƙasashen Rum da na Musulmi da na Turai har fiye da shekara dubu.

Inda kalmar ta fi zafi shi ne birnin Atina a rabi na biyu na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, lokacin da aka kafa ta a gaban wata kalmar, nomos, wato doka da al'ada. Fatauci da yaƙe-yaƙe sun nuna wa Girkawa cewa abin da suke ɗauka wajibi wasu ƙyamarsa suke yi. Marubucin tarihi Hirodotus ya ba da labarin yadda Dariyus, sarkin Farisa, ya tambayi Girkawa nawa za a ba su su ci gawar iyayensu, suka ce babu kuɗin da zai sa su yi haka, sannan ya kira wata ƙabila ta Indiya da ke cin gawar iyayenta ya tambaye su nawa za a ba su su ƙone ta, kamar yadda Girkawa ke yi, suka yi kururuwa suka roƙe shi ya daina irin wannan magana. Idan al'ada tana sauyawa daga gari zuwa gari, to mene ne ba ya sauyawa? Amsar da aka bayar ita ce fusis, sai dai kowa ya cika ta da abin da ransa yake so.

Antifon, wani malamin muhawara na Atina, wanda aka tono guntayen littafinsa a kan takardun fafirus a Bahnasa ta Masar a farkon ƙarni na 20, ya ce dokokin gari yarjejeniya ce, dokokin fusis kuwa tilas ne, don haka mutum zai fi amfana idan ya girmama doka a gaban shaidu, ya bi fusis idan yana shi kaɗai. Shi ɗin dai ya ce Bagirke da wanda ba Bagirke ba duk ɗaya suke ta fuskar fusis, tunda duk ta baki da hanci suke numfashi. Alkidamas, wani malamin iya magana, ya ce fusis ba ta yi kowa bawa ba. Amma a littafin Gorgiyas na Aflatun, wani mai suna Kalikilis ya juya hujjar gaba ɗaya, ya ce raunana ne suka taru suka yi doka don su ɗaure masu ƙarfi, alhali a tsakanin dabbobi da tsakanin ƙasashe abin da fusis ke nunawa shi ne mai ƙarfi ya ci rabo mafi tsoka. Wannan kuma bai tsaya a zauren muhawara ba. A shekara ta 416 kafin Miladiyya, kamar yadda marubucin tarihi Tukididis ya rubuta, wakilan Atina sun faɗa wa mutanen ƙaramin tsibirin Milos cewa tilas ne bisa fusis duk mai iko ya mallaki abin da ya iya mallaka, kuma da tsibirin ya faɗi, an kashe mazan da suka balaga, aka bautar da mata da yara. A ganina wannan zamani ne ya fi bayyana halin kalmar, domin mai neman daidaito da mai neman danniya duk sun kira ta shaida, kuma ba ta ƙi kowa ba.

Aflatun ya hango haɗarin, shi ya sa a kashi na 10 na littafinsa na Dokoki ya yi wa masu cewa duniya ta samu ne ta fusis da dace kawai raddi, yana mai cewa rai da hankali sun riga jiki, don haka su suka fi cancantar sunan. Almajirinsa Aristotil, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, shi ne ya zauna ya ba kalmar iyaka. Ya ce fusis ita ce tushen motsi da tsayawa da ke cikin abu shi kansa, wanda ya bambanta abin da ya samu da kansa da abin da aka ƙera. Ya ɗauko wani misali daga Antifon: da za a binne gadon katako a ƙasa, har ruɓewarsa ta sami ƙarfin fitar da tsiro, itace ne zai fito, ba gado ba. Antifon ya kafa hujja da wannan cewa katakon shi ne fusis, amma Aristotil ya ce ai mutum mutum yake haifa, don haka siffar da abu ke girma zuwa gare ta ta fi kayan da aka yi shi da su cancantar wannan suna. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa fusis tana aiki da manufa, ba ta yin komai a banza, haƙoran gaba sun fito da kaifi don yanka, na turmi kuma da faɗi don niƙa, kuma ya kwatanta ta da likitan da ke yi wa kansa magani, wanda mai aikin da abin da ake yi wa aikin duk ɗaya ne.

Wannan tsari yana da kyau matuƙa a kan tsirrai da dabbobi, inda Aristotil ya yi bincike na gaske da idonsa. Da ya kai shi kan siyasa sai ya fitar da abu biyu masu bambancin daraja. Na farko shi ne cewa mutum bisa fusis mai zaman gari ne, ba ya cika mutum sai cikin jama'a. Na biyu shi ne cewa wasu mutane bayi ne bisa fusis, maganar da masu cinikin bayi da masu mamayar ƙasashe suka riƙa jawowa har bayan kusan shekara dubu biyu. Sunan ilimin metafiziks ma daga tsarin littattafansa ya fito, domin ma'anarsa abin da ke bayan littattafan fusis.

Mabiya masanin falsafa Zino, wanda ya kafa makarantarsa a Atina a wajejen shekara ta 300 kafin Miladiyya, sun mayar da rayuwa daidai da fusis ita ce manufar ɗan Adam, suna ɗaukar fusis a matsayin hankalin da ke tafiyar da duniya duka. Abiƙur, wani masanin falsafar na wannan zamani, wanda ya rubuta littafi mai kashi 37 a kan wannan kalma, ya ce babu wata manufa a cikinta, ƙwayoyin zarra ne kawai ke karo da juna a sarari. Rumawa sun fassara ta da natura, daga aikatau na Latin mai nufin haihuwa, kuma ta wannan ƙofa ta shiga harsunan Turai.

Kiristoci masu rubutu da Girkanci sun gaje ta tare da rikicinta. Tambayar da ta raba majami'u a ƙarni na 5 na Miladiyya ita ce ko Almasihu, a aƙidarsu, yana da fusis ɗaya ne ko biyu, wato ta allahntaka da ta ɗan Adam. Kirillus, babban limamin cocin Iskandariyya, wanda ya rasu a 444, ya yi maganar fusis ɗaya, taron limamai da aka yi a Kalkidon a 451, a gefen Istanbul ta yau, ya yanke cewa biyu ne a cikin mutum ɗaya. Majami'un Ƙibɗawan Masar da na Habasha da na Armeniya da wani ɓangare na Suriyawa ba su karɓi wannan hukunci ba, kuma rabuwar tana nan har yanzu, ko da yake malamansu na wannan zamani da dama sun yarda cewa wani kaso mai yawa na saɓanin ya taso ne daga abin da kowane ɓangare yake nufi da kalmar.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, Hunainu ɗan Is'haƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinus, ɗansa Is'haƙ kuma ya fassara littafin Aristotil kan fusis. Kalmar Larabci da ta zauna a gurbinta ita ce ɗabi'a, daga tushen da ke nufin buga hatimi, tushen da ya ba Hausa ɗab'i da maɗaba'a. Sauyin ba ƙarami ba ne, domin kalmar Girkanci tana nuni da abin da ya tsiro daga ciki, ta Larabci kuwa da abin da aka buga a jikin abu, wanda ke barin gurbin mai bugawa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe babban sashe na littafinsa Ash-Shifa ga ilimin ɗabi'a bisa tsarin Aristotil. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙalubalanci tushen tsarin da misalin wuta da auduga: abin da ido ke gani shi ne ƙuna na faruwa a lokacin da suka haɗu, ba ya ganin cewa wutar ce ta ƙone ta da ɗabi'arta, mai aikatawa shi ne Allah. Wannan matsayi ne Sheikh Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya taƙaita a Ummul Barahina, inda ya kore cewa wani abin halitta yana da tasiri da ɗabi'arsa, littafin da almajiran tauhidi a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa a zaurukan malamai. A bakin jama'a kuwa ɗabi'a ta tsaya ne a kan halin mutum, mai kyau ko marar kyau, ma'anar da ke cikin kalmar tun zamanin Girkawa amma ba ita kaɗai ba, yayin da sauran nauyin ya rarrabu tsakanin halitta da yanayi da asali, gwargwadon abin da mai magana yake nufi.