Waiwaye: yadda aka daɗe ana ɗora wa makiyaya laifin hamada kafin a dawo ana lallashinsu

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2026 ga makiyaya da filayen kiwo, Mongoliya ce ta kai ƙudurin aka amince da shi a watan Maris na 2022, aka kuma ɗora wa hukumarta ta abinci da noma, FAO, jagorancin abin. Duk wanda ya san irin kallon da ake yi wa makiyayi shekara hamsin baya sai abin ya ba shi mamaki, don a lokacin da an taɓo zancen hamada a taron masana to mai sanda da garke ne farkon wanda za a nuna wa yatsa.

Gwamnatoci dama can ba sa ƙaunar mutumin da ba ya zama waje ɗaya, ƙirga shi wuya, karɓar haraji a hannunsa wuya. Tarayyar Sobiyet ta zaunar da makiyayan Kazakistan da ƙarfin tsiya, tsakanin 1930 da 1933 yunwa ta kashe mutum sama da miliyan ɗaya. A 1959 kuma Turawan mulkin mallaka suka fitar da makiyayan Masai daga dajin Serengeti da ke Tanzaniya ta yau wai don a kare namun daji, namun da suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin ciyawa ɗaya da shanun mutanen.

Sai a 1968 wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya kawo misalin da ya ba abin hujja. Cewa ya yi in fili na kowa da kowa ne, kowane makiyayi zai yi ta ƙara saniya tunda ribar tasa ce shi kaɗai asarar kuma a raba, har filin ya mutu. Maganar ta yi daɗi a kunne, ga shi ta zo daidai da babban farin Sahel na 1968 zuwa 1974, hotunan mushen shanu sun cika jaridu, aka yi taron kwararowar hamada a Nairobi a 1977, shi kenan magani ya zama a zaunar da su, a kafa shinge, a haƙa rijiyoyin burtsatse. To rijiyar da ba ta da mai ita kowa ya zo ya sauka, dabbobin da a da suke wucewa bayan 'yan makonni suka tare a wurin rani da damina, kewayen rijiyar ya koma ƙura zalla, ka ga an je gyaran gira an rasa ido.

Masu binciken da suka daure suka zauna da makiyayan ne suka fara warware zancen. Ellis da Swift sun yi shekaru a yankin Turkana na Kenya, a 1988 suka nuna cewa a busasshiyar ƙasa ruwan sama ne ke yanke yawan ciyawa fiye da bakin dabba, bana ya zuba nan baɗi ya zuba can, wanda ke tafiya ne kawai zai iya cin moriyarsa. Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun nuna Sahel ta sake yin kore da ruwa ya dawo, kuma daga baya aka danganta farin da ɗumin ruwan teku. Ita kuwa Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna filin gama-gari ba ya nufin filin da babu doka, har da misalin wani ƙauye a tsaunukan Suwizalan da ya yi ƙarnoni yana kiwo tare ba a cinye filin ba.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke faruwa a ƙasa in garke ya wuce. Saniya ta datse kan ciyawa ta yi gaba, gindin ya yi sabon toho, kofato ya fasa busasshiyar ƙasa ya tura iri ciki, kashin da ta bari buzuzu ya mirgina ya binne, tsuntsu ya zo cin ƙwari. A Sifen an bi tumaki an ga irin tsiro maƙale a gashinsu ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. A Kenya kuwa binciken da aka fitar a 2018 ya gano tsofaffin mashekaran makiyaya na shekaru dubbai har yanzu ƙasarsu ta fi ta kewaye taki, namun daji ma can suke tururuwa. Sannan yawancin kabon (sinadarin da in ya fita iska yake ƙara ɗumamar yanayi) da fili irin wannan ke riƙewa a saiwa da cikin ƙasa yake, gobara ta ci saman ta bar shi, garma ce ke tono shi. Shi ya sa dasa itatuwa a kan daɗaɗɗen filin ciyawa ba kullum ne alheri ba fa.

Dokoki suka biyo baya a hankali. Sifen ta kare burtalolinta a 1995, kusan kilomita 125,000, ECOWAS ta amince da ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, Mali ta yi dokar makiyaya a 2001, UNESCO ta sa ƙaurar kiwo cikin al'adun gado a 2019. A takarda kenan dai, don gona da ma'adinai da gini ba su daina cin burtali ba, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce filayen kiwo sun kai kashi 54 cikin ɗari na doron ƙasa, har kusan rabinsu na iya kasancewa sun lalace.

Kuma kar a ce makiyaya ba sa ɓata fili. Mongoliyar da ta kai ƙudurin, bayan an raba dabbobin gwamnati a farkon shekarun 1990 yawansu ya tashi daga wajen miliyan 25 zuwa kusan miliyan 70 a 2019, awaki suka yi yawa saboda kasuwar gashinsu, mutane suka riƙa tarewa kusa da gari da rijiya maimakon zagayen da aka saba, sai mugun sanyin 2023 zuwa 2024 ya same su ya kashe dabbobi sama da miliyan bakwai.