Tsohon takalmi a cikin bango: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tun da na nuna hoton takalmin yaron nan da magina suka ciro daga bayan murhun wani tsohon gida a nan Ingila, ban huta ba. Tambayoyin ba su wuce tara ba, amma kowa sai ya turo tasa kamar shi ya fara. To ga su nan a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Sammu aka yi wa masu gidan?

A'a. Masu gidan da kansu, ko maginan da suka yi musu aiki, su suka ajiye. Abin da masu bincike suka fi rinjaya a kai shi ne neman tsari daga mayu da miyagun iskoki. Na san inda tunaninku ya tafi, wato layar da maƙiyi ke binnewa a ƙofar gidan mutum. Takalmin nan kuwa ya fi kusa da abin da mai gida ke binnewa da hannunsa don tsare iyalinsa.

Au, Turawa ma suna da camfi?

Wannan ce ta fi ba ni haushi. Mutanen da majalisarsu ta yi dokar kisa kan maita a 1604, ba a kuma kawar da ita ba sai da dokar 1735 ta zo, su ne ake tambaya ko suna da camfi? Har yau akwai otal-otal da ba za ka ga ɗaki mai lamba 13 a cikinsu ba.

Takalmi kaɗai ake samu?

Shi ya fi yawa, amma akwai hula, safar hannu, wando, har rigar matse ƙugu ta matan da. A garin Reigate an sami taguwar namiji ta lilin ta farkon ƙarni na 17. A ƙauyen Nether Wallop an ciro falmaran tare da takardun da tela ke yanka kaya a kansu. A Sittingbourne kuwa ɗaruruwan kaya aka kwaso daga wata tsohuwar mashaya. Wata masaniyar adana tufafi, Dinah Eastop, ta kafa shiri na musamman a 1998 don rubuta irin waɗannan tufafi, saboda ta lura magina na zubar da su a matsayin tsumma.

Ban da tufa akwai busasshiyar kyanwa, ƙoƙon kan doki, da kwalbar maganin mayu. Wadda aka tono a Greenwich a 2004 an same ta da fitsari, ƙusoshi, allurai, gashi da yankan farce. Abin lura a nan: ita kwalbar mutanen ƙarni na 17 sun rubuta yadda ake haɗa ta da dalilinta. Takalmi kuwa waɗanda suka ɓoye shi ba su bar bayani a rubuce ba. Don haka duk wanda ya gaya maka dalili ɗaya tak yana dukan ƙirji, ka rage masa.

To me ya sa takalmi?

Ka ɗauki tsohon takalminka na fata ka duba. Ya ɗauki surar ƙafarka, inda kake takawa da ƙarfi ya zaizaye, inda yatsa ke turowa ya kumbura. Babu wata sutura da ke riƙe kamannin mai ita haka. Shi ya sa ake ganin kamar wakilin mutum ne aka ajiye a bakin hanya, mugun abu ya zo ya faɗa ciki maimakon ya kai ga mai shi. Kusan duk waɗanda ake samu sun tsufa tuɓus, sun sha faci a hannun baduku, galibi ƙafa ɗaya ce, da yawa kuma na yara ne. Wannan na ƙarshen ba ya ba ni mamaki, zamanin da yara ke mutuwa barkatai ne.

Ana kuma danganta abin da labarin wani limamin coci, John Schorn, na ƙauyen North Marston, wanda ya mutu a farkon ƙarni na 14. An ce ya tura Shaiɗan cikin takalmin sau-ciki ya tsare shi, har masu ziyarar kabarinsa na sayen ɗan tambari mai wannan hoto. Wasu masanan kuma sun fi karkata ga neman haihuwa da sa'a, don Turawan Ingila sun daɗe suna jefa wa amarya da ango tsohon takalmi idan za su tafi.

A ina cikin gidan?

Duk inda abu zai iya shigowa: bututun hayaƙin murhu, saman ƙofa, gefen taga, ƙarƙashin katakon daɓe, cikin rufi. Bututun hayaƙi ne kan gaba, don shi kaɗai ne ƙofar da ba a rufewa dare da rana.

Ni ma ina gyaran wani tsohon gida a Ingila, mun ci karo da takalmi da wani tsumma a bango. In mayar, in zubar, ko in ƙona?

Yawwa, kai ne ka yi tambayar da ta cancanci zama. Amsar ta danganta da abubuwa da dama, ka yi haƙuri da ni.

Kafin komai, kada ka wanke. Ina maimaitawa, domin wata baiwar Allah ta riga ta jiƙa nata a ruwan omo kafin ta tambaye ni, fatar ta dagargaje a hannunta. Kada ka shafa man goge takalmi, kada ka miƙar da tsumman, kada ka karkaɗe. Yadda aka naɗe shi, da toka da ƙurar da ke jikinsa, duk shaida ce ga mai bincike. Idan bai riga ya fito ba, ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta wane ɗaki, wane bango, me ke kusa da shi. Ka sa safar hannu da takunkumi, ba don aljani ba, don kashin ɓera da baƙin hayaƙi, da kuma asbestos, wani kayan gini mai zare-zare da ke cutar da huhu, wanda ba a hana amfani da shi gaba ɗaya a Birtaniya ba sai 1999. In ka ga wani abu mai zare-zare fari a wurin, ka dakatar da aikin ka kira masu gwaji.

Sai dai ba duk abin da ke cikin bango ne aka ɓoye da niyya ba. Ɓeraye na jan tsumma su yi sheƙa. Mutanen zamanin da kan cusa tsummoki a tsaga don tare iskar sanyi. Magini ma kan share shararsa ya tura ƙarƙashin daɓe don ƙyuya, kamar dai na ko'ina. Idan an ɗora abin a kan wani ɗan dandamali cikin bututun hayaƙi, ko an gina bulo an rufe shi, to da alama da gangan ne. Idan tarkace ne da ciyayi da alamar cizo, wataƙila ɓera ne gwaninka. Tsakanin biyun akwai waɗanda ko masana sai su yi ta ja.

Sannan gidan na wa ne? In haya kake, ba kai ke da hukunci ba, ka sanar da mai gida. In naka ne amma yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukuma ta yi wa rajista, ka tuntuɓi ƙaramar hukumarku kafin ka ƙara fasa ko bulo ɗaya, don gyara irin wannan gida ba izini laifi ne.

Batun mayarwa kuwa, nan ne ra'ayi ya rabu. Magina da yawa a nan, har waɗanda za su rantse ba su yarda da komai ba, suna mayarwa su rufe. Wasu masu adana kayan tarihi ma na ganin barinsa a mazauninsa ya fi, muddin an rubuta shi. Amma in murhun zai ci gaba da aiki, kada ka mayar da fata da tsumma cikin bututun hayaƙi, gobara kake kira. In kuma wurin na da laima, ruɓewa zai yi. A nan gara ka naɗe shi cikin farin ƙyalle mai tsabta ka sa a kwali, a wuri busasshe. Ban da leda, tana tara gumi ya yi fumfuna.

Na san abin da ke cin ranka shi ne addini. Ni ba malami ba ne. Abin da na sani, Musulmi ba ya jingina tsarinsa ga takalmi, kuma ajiye abu don tarihi daban yake da ajiye shi don kariya. In zuciyarka ba ta kwanta da zamansa a gidanka ba, ka tambayi malaminka, sannan ka miƙa wa gidan tarihin garinku. Ƙonawa dai ban ga ribarta ba, ka hallaka abin da ya shekara ɗari biyu ko uku yana jira, ba ka ƙaru da komai ba.

Wa zan sanar?

Gidan tarihi na Northampton, garin da ya shahara da ɗinkin takalma. Wata ma'aikaciyarsu, June Swann, ta fara tattara rahotannin a ƙarshen shekarun 1950, zuwa 2012 sun kai kusan 1,900, har daga Amurka, Kanada da Ostareliya. Mafi tsufa shi ne na babban cocin Winchester, a bayan kujerun mawaƙa da aka kafa a 1308. Hoto da bayani suke so, ba sai ka aika takalmin ba.

Idan na cire, wani abu zai same ni?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Labarin da ake tsorata mutane da shi na gidan Papillon Hall ne a Leicestershire, inda aka ce duk wanda ya fitar da wasu takalman mace daga gidan sai masifa ta auka masa. An rushe gidan a 1950, takalman suna gidan tarihi na Market Harborough, ma'aikata na zuwa aiki suna komawa gida lafiya.

Nawa zan samu in na sayar?

Ƙafa ɗaya ce, ta yage, ɓera ya ci dunduniyar. Kai nawa za ka saya?