Hayaƙin Motar Dizal da na Mota Mai Haɗin Fetur da Lantarki: Wanne Ya Fi Illa?

Duk wanda ya tashi sayen mota, tambayar da ya fi yi ita ce lita nawa take sha, kuma da yawa sun ɗauka motar da ta fi tattalin mai ita ce ta fi tsabta. Ga ma'aikacin lafiya wannan ma'auni bai isa ba, domin abin da ke fita daga salansa iri biyu ne, kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Na farko shi ne iskar kabon dayoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, wadda ke taruwa a sararin samaniya tana haddasa ɗumamar yanayi. Na biyu kuwa guba ce da ke tsayawa kusa da ƙasa, daidai inda masu tafiya a ƙafa, da masu sana'a a bakin titi, da yara masu zuwa makaranta suke shaƙar iska. Idan za a kwatanta motar dizal da motar da ta haɗa injin fetur da na lantarki, wadda ake kira haibirid, dole a duba kowane ɓangare daban.

Ta fuskar ɗumamar yanayi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilogiram 2.3 na kabon dayoksaid, lita ɗaya ta dizal kuma kimanin kilogiram 2.6. Sai dai injin dizal ya fi injin fetur na gargajiya cin moriyar mai, don haka a doguwar tafiya kan babbar hanya yakan rama wannan bambanci har ya wuce, kuma wannan ne ya sa ƙasashen Turai suka shafe shekaru suna ƙarfafa wa jama'a gwiwar sayen motocin dizal. Haibirid, wadda ta yaɗu a duniya bayan da kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a 1997, ƙarfinta yana cikin gari: injinta yakan mutu idan ta tsaya a cunkoso, takan tashi da lantarki, kuma duk lokacin da direba ya taka birki, wani ɓangare na ƙarfin da zai tafi a banza yana komawa cikin batir. Saboda haka a cikin gari haibirid ce kan gaba, a babbar hanya kuwa sukan zo kusan kunnen doki. Haƙo ma'adinan batir da ƙera shi suna da nasu hayaƙin, amma batirin haibirid ta gama-gari ƙarami ne, kuma man da motar ke ragewa tsawon rayuwarta ya fi ƙarfin wannan.

Inda bambancin ya fito fili shi ne a huhun ɗan Adam. Injin dizal yana ƙona mai cikin iska mai yawa da matsi mai tsanani, abin da ke sa ya samar da naitirojin oksaid da kuma kunkunniya. Naitirojin oksaid yana kumbura hanyoyin numfashi, yana tayar da ciwon asma, musamman ga ƙananan yara da tsofaffi. Ita kuwa kunkunniya, mafi haɗarinta ita ce wadda ido ba ya gani, wadda masana ke kira PM2.5, wadda silin gashi ya ninka ta kauri kusan sau 30. Irin wannan ƙura tana wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarta ma tana shiga jini, kuma an tabbatar da alaƙarta da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da cututtukan huhu masu daɗewa. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sanya hayaƙin dizal a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, ta bar hayaƙin fetur a rukunin waɗanda ake zargi. Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje, daga motoci da sauran kafofi, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. A watan Disambar 2020 ma, wata kotun binciken musabbabin mutuwa a Landan ta yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma, wadda gidansu ke kusa da wani titi mai yawan motoci.

Masu kare dizal za su ce motocin zamani sun sha bamban da na da, kuma suna da gaskiya har zuwa wani mataki. Sabuwar motar dizal tana da matatar da ke kama kusan dukkan kunkunniya, tana kuma da na'urar da ke fesa ruwan yuriya, wanda aka fi sani da AdBlue, don ya mayar da naitirojin oksaid iska marar illa. Dokar Turai ta Euro 6 ta ƙayyade wa motar dizal miligiram 80 na naitirojin oksaid a kowace kilomita, ta fetur kuma miligiram 60. Amma abin da aka rubuta a takarda daban, abin da ke faruwa a titi daban. A watan Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, alhali a kan hanya wasunsu suna fitar da naitirojin oksaid har ninki 40 na abin da doka ta yarda, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11. Tun daga 2017 Turai ta fara gwada sababbin motoci a kan titi, kuma hayaƙin sababbin dizal ya ragu sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne, tsabtar motar dizal gaba ɗaya ta rataya ne a kan waɗannan na'urori, su kuwa suna da sharuɗɗa. Matatar kunkunniya tana buƙatar zafi mai tsanani da tafiya mai ɗan nisa kafin ta ƙone abin da ta tara, don haka motar da aikinta gajerun zirga-zirga ne a cikin gari takan toshe. Man da ke da sinadarin salfa da yawa yana lalata na'urorin, shi ya sa Turai ta ƙayyade shi zuwa kashi 10 cikin miliyan. Idan matatar ta toshe, sau da yawa mai mota yakan sa bakanike ya cire ta don kauce wa kuɗin gyara, kuma daga ranar motar ta koma tsohuwar dizal, komai ƙyallin jikinta. Wannan ɗabi'a cutar da jama'a ce, domin wanda ya cire matatar yana zaune a ciki da gilashi rufe, hayaƙin kuwa yana bayansa a fuskar wasu.

Haibirid ma ba a wanke ta tas ba. Tana ƙona fetur, kuma injinta ya fi fitar da guba a mintunan farko kafin na'urar tace hayaƙi ta ɗauki zafi. Tayoyinta suna goguwa su bar ƙura kamar na kowace mota, ko da yake ƙurar birkinta kaɗan ce. Nau'in da ake cajawa a soket yana da tasa matsalar, domin rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 ya nuna cewa a zahiri irin waɗannan motoci suna fitar da kabon dayoksaid kimanin ninki uku da rabi na abin da gwaji ya nuna, galibi saboda masu su ba sa cajin batirin, sai su riƙa yawo da fetur suna ɗauke da nauyin batirin a banza.

Duk da haka, ga wanda yawancin tuƙinsa a cikin gari ne, shawarata ita ce haibirid, domin tana rage mai kuma tana rage gubar da maƙwabta ke shaƙa. Dizal ta fi dacewa da doguwar tafiya da ɗaukar kaya masu nauyi, da sharaɗin ta zama ta zamani, a ba ta mai marar salfa, kuma kada a taɓa matatarta. Ko wace iri mutum ke tuƙawa, ya kashe inji idan zai daɗe a tsaye, musamman a ƙofar makaranta ko asibiti. Mai haibirid kuma ya tabbatar ya kashe ta gaba ɗaya kafin ya rufe gareji, domin takan yi shiru kamar a kashe take, can an jima injin ya tashi da kansa don cajin batir, ya cika wurin da iskar kabon monoksaid wadda ke kisa ba tare da an ji warinta ba.