Mece ce ma'anar Manɗiƙi?

Idan ka zauna da ɗaliban makarantun zaure ko na sashen Larabci a jami'a, za ka ji ana cewa wane ya karanci Nahawu da Balaga da Manɗiƙi. Biyun farko kowa ya san su, na ukun ne mutane da yawa ke jin sunansa kawai. Manɗiƙi shi ne ilimin da ke koyar da ƙa'idojin da suke tsare tunani daga kuskure yayin kafa hujja. Malamai kan ce yadda Nahawu yake gyara harshe, haka Manɗiƙi yake gyara tunani.

Asalin fannin daga Girka yake, a hannun Aristotul, wanda Larabawa ke kira Arisɗo. An fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, musamman ƙarni na 9. Daga nan Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya tsara fannin har aka yi masa laƙabi da Malami na Biyu, wato mai bin bayan Arisɗo. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙara faɗaɗa shi.

Zuciyar fannin ita ce ƙiyasi: a jera magana biyu, sai ta uku ta fito daga cikinsu dole. Misalin da malaman Tauhidi suka fi kawowa shi ne: duniya tana sauyawa, duk abin da yake sauyawa fararre ne (wato yana da mafari), saboda haka duniya fararriya ce. To ga wani kuma: duk ɓarawo yana yawo da dare, maigadi yana yawo da dare, saboda haka maigadi ɓarawo ne. Kowa zai ji a jikinsa cewa an cuci maigadi, amma ba kowa zai iya nuna inda ɓarakar take ba. Ɗalibin Manɗiƙi zai sa yatsa a wurin. Ba a ce duk mai yawon dare ɓarawo ba ne, an dai ce ɓarayi suna cikin masu yawon dare, kuma akwai sauran mutane a cikin wannan taron. Irin wannan gurguwar hujja ce ake yanke wa mutane hukunci da ita kullum a Facebook, shi ya sa nake ganin rashin koyar da fannin da Hausa babbar asara ce.

Malamai ba su haɗu a kansa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, yana ganin wanda bai san shi ba, ba a amince wa iliminsa. Ibn Salah da Imam Nawawi sun haramta shi, Ibn Taimiyya kuma ya rubuta littafi guda na raddi ga masu shi. Wannan muhawara ta taɓo mu kai tsaye. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 15 ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba ga sarakuna, masoyin Manɗiƙi ne, har ya yi masa waƙe. Da ya ji Imam Suyuɗi a Masar yana hana karanta shi, sai ya aika masa baitoci yana cewa gaskiya ake dubawa, ba bakin da ta fito ba. Suyuɗi ya mayar masa da amsa cikin baitoci shi ma, bai janye ba.

Littafin da aka fi karantawa a fannin a zaurukanmu shi ne Sullam, waƙe mai baitoci sama da 140. Mai shi kuwa shi ne Abdurrahman Al-Akhdari na Aljeriya, wato mai Ahalari ɗin nan da yaranmu ke fara Fiƙihu da shi. Ya tsara shi a 941 bayan Hijira yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo ra'ayoyi uku kan hukuncin karanta Manɗiƙi, sannan ya rinjayar da halascin karatun ga mai lafiyayyen tunani wanda ya riga ya goge a Alƙur'ani da Sunna.

Sai dai fannin yana da iyaka. Tsarin hujja yake aunawa. Idan maganganun da ka jera ƙarya ne, ƙiyasin zai iya tsayuwa daram bisa ƙa'ida amma ya kai ka ga sakamakon ƙarya. Tantance gaskiyar labari tun daga tushe aiki ne da sai an koma ga masana fannin da ake magana a kai.